Kwana biyu muna farautar ɓoyayyun akwatuna a kan tsohon layin dogo

Ɗan yayata ne ya ja ni cikin wannan harka, yaro ɗan shekara 14. Tun da na sauka gidansu a Amurka duk inda muka fita kansa na kan waya, Kawu akwai ɗaya a bayan laburaren nan, Kawu akwai ɗaya a gindin waccan bishiyar, ni dai ina jinsa ne kawai har ranar da ya zaunar da ni ya buɗe min taswira a manhajar Geocaching na ga gari ya cika da ɗige-ɗige kore. Ya ce kowane ɗigo wani ne ya ɓoye gwangwani ko akwati a wurin, ya sa lambobin wurin a intanet, kai kuma ka bi GPS ɗin wayarka ka nemo shi, ka sa hannu a takardar da ke ciki, ka mayar da shi daidai yadda ka same shi. Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan. Na ce kuma ba a sacewa? Ya yi dariya ya ce mu je ka gani. Sunan wasan jiyokashin, mu dai tsakaninmu ajiya muke cewa.

Hanyar da muka zaɓa ita ce Great Allegheny Passage, tsohon layin dogo ne da aka cire ƙarafunan aka zuba niƙaƙƙiyar tsakuwa aka daddaɓe, mil 150 daga Cumberland a jihar Meriland har Pittsburgh a Pensilbaniya, a 2013 aka gama haɗe ta. Babu mota babu babur, masu keke ne da masu tafiyar ƙafa da masu gudu da mata masu tura jarirai a keken yara, da sanyi kuma idan ƙanƙara ta rufe masu sulu su karɓa. Mu ba mu ɗauko duka ba, mil 30 da 'yan kai muka yanka daga Cumberland zuwa Meyersdale, muka raba shi kwana biyu saboda wanda zai riƙa sauka daga keke yana leƙa ƙarƙashin duwatsu ba zai yi saurin kowa ba. Da daddare kafin mu tashi ya sauke duk bayanan ajiyoyin a waya don wai sabis na ɗaukewa a cikin tsaunukan, kuma gaskiyarsa, ya ɗauke ɗin. GPS kam ba ruwansa da sabis, daga tauraron ɗan'adam yake karɓar sigina kai tsaye. Muka zuba biro biyu da tocila da hantsaki da 'yan ledoji masu zif da ƙaramin littafi da 'yan tarkacen musaya a jaka, Yaya ta kai mu bakin hanya tana ta jaddada min, ka kula min da shi fa, kar ya sa hannu a rami.

A Cumberland akwai alamar mil na 0 a ƙasa, daga nan in ka juya ɗaya ɓangaren hanyar gefen tsohon magudanar C&O ce, mil 184 da rabi har Washintan. Muka sa gaba arewa maso yamma. Abin da na fara lura da shi shi ne hawan, daga nan har ƙololuwa sama da ƙafa 1,700 za ka hau a cikin mil 23 da wani abu amma ƙafarka ba za ta taɓa jin ka tunkari tudu ba, sai dai ka ji fedal ya ɗan yi nauyi kuma nauyin ba ya sauka. Dalili kuwa jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsini, ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, dole injiniyoyin kamfanin Western Maryland suka kwantar da hawan bai kai kashi 2 cikin 100 ba, inda dutse ya tare su suka huda shi inda kwari ya tare su suka ɗora kadarko. Wahalar da leburori suka sha wajen 1911 da 1912 ita mai keke yake ci yau.

Ajiyar farko ta koya min yadda abin yake. Waya na ƙirga mana, mita 200, mita 80, mita 30, muka jingine kekuna muka sauka, mita 9, mita 4, sai kibiyar ta fara juyi kamar ta sha wani abu, ta nuna gabas ta nuna yamma. Na tsaya ina bin ta ina zagaye wuri ɗaya, yaron ya ce Kawu sa wayar a aljihu, aikinta ya ƙare. Ashe a ƙarƙashin bishiyoyi da gefen dutse GPS na iya kuskure da mita biyar ko goma, shi ma wanda ya ɓoye abin nasa ya yi irin wannan kuskuren ranar da ya ɗauki lambobin, to ka haɗa biyun. Daga nan sai ido. Ya ce ka tambayi kanka in kai ne a ina za ka ɓoye, kuma ka nemi abin da bai zauna yadda Allah ya ajiye shi ba. Na duba na duba, can sai na ga wasu 'yan itatuwa guda huɗu an jera su reras a gindin wani kututture, iska ba ta jera itace haka. Na sa sanda na ɗaga, ga robar abinci mai murfi an naɗe ta da tef mai launin ganye. Wallahi sai da gabana ya faɗi don murna. A ciki akwai ɗan littafi a leda, fensir guntu, ƙwallon gilas, sojan roba, maɓalli. Na buɗe littafin na ga sunaye da kwanan wata shafi bayan shafi, wasu da biro wasu da hatimi, rubutun yara da na tsofaffi, shekaru ana zuwa ana buɗe robar nan ana rufewa ana mayar da itatuwan nan huɗu kuma ba wanda ya tafi da ita. Na daɗe a tsugune ina juya shafukan.

A wannan ɓangaren har zuwa Frostburg hanyar keke tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da dogo mai rai, jirgin 'yan yawon buɗe ido na Western Maryland Scenic Railroad ne ke bi, shi ya sa ajiyoyin da muka nema suka ja baya daga ƙarafunan, don dokar wasan ba ta yarda a ɓoye abu dab da dogon da jirgi ke bi ba, ba ta yarda a haƙa rami a binne ba, kuma tsakanin ajiya da ajiya dole a bar mita 161. Akwai masu duba kowace sabuwar ajiya kafin a sake ta a taswira, aikin sa kai suke yi. Wajen mil na 4 muka tsaya a Bone Cave, wani kogo da ma'aikatan dogo suka faso a 1912 suna yanka dutse, aka tarar da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare a duniya tun dubban shekaru har da wata irin damisa mai dogayen fiƙoƙi. An sa shinge a bakinsa. Muna tsaye muna karanta allon, masu keke wajen shida suka wuce fuu a jere kai a sunkuye, ko waiwaye babu. Ban ga laifinsu ba kowa da abin da ya fito da shi, amma na ji musu asara.

Ramin Brush shi ne na farko da muka shiga, jirgi da keke rami ɗaya suke bi, akwai gargaɗi a baki cewa kar ka kuskura ka kasance a ciki in jirgi na tafe. Mun fito ba da jimawa ba muka ji kukansa daga ƙasa, muka ja gefe, sai ga shi yana huci yana tuttula baƙin hayaƙi, irin mai cin kwal ɗin nan, lamba 1309 wanda aka ƙera a 1949, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafarmu fasinjoji na ɗago mana hannu. Yaron da ke ta surutu tun safe ya yi tsit har ya ɓace a kwana.

Da muka zauna hutawa ne ya ba ni tarihin wasan, na kuma bi na karanta daga baya. Kafin shekarar 2000 sojojin Amurka da gangan suke dagula siginar GPS da farar hula ke samu, na'urarka za ta iya kauce wa wuri da mita 100. A farkon watan Mayun 2000 gwamnatin Bill Clinton ta kashe wannan dagulawar, dare ɗaya kuskuren ya faɗo zuwa 'yan mitoci. Ranar 3 ga Mayu wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokiti ya zuba littattafai da kaset na bidiyo da gwangwanin wake da danƙon harbin tsuntsu da littafin sa hannu, ya kai daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sa lambobin a intanet don ya gwada ko da gaske abin ya gyaru, ya ce wanda ya samu ya ɗauki abu ya bar abu. Cikin 'yan kwanaki aka same shi. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin da ake amfani da shi har yau, yanzu ajiyoyin sun haura miliyan 3 a faɗin duniya. Ƙa'idar bokitin nan ita ce har gobe, in ka ɗauka ka bar wanda ya kai shi ko ya fi shi.

Ranar farko mun samu biyar. Ɗaya ba ta fi kan ɗan yatsa ba, baƙa mai maganaɗisu an manna ta a ƙarƙashin bencin ƙarfe kamar kan ƙusa, takardar ciki an naɗe ta siririya sai da hantsaki muka zaro ta kuma haruffa biyu kawai wurin ke ɗauka. Matsalar ita ce akwai wata dattijuwa zaune a kan bencin da karenta. Masu wasan suna kiran wanda bai san harkar ba magul, kuma ba a so a ciro ajiya a gabansa don kar ya ɗauka shara ce ya zubar ko ya tsorata ya kira 'yan sanda. Muka tsaya muna duba tayar keke muna jira, minti goma sha biyar, can ta dube mu ta yi murmushi ta ce da Turanci a ƙarƙashin hannun hagu take. Ashe mijinta ya yi shekaru yana yi kafin ƙafa ta hana shi. Gaskiya ni ƙananan nan ba su burge ni ba sosai, wayo ne kawai na ɓoyewa, na fi son wadda za ta kai ni wani wuri da mai ita yake so in gani. Muka kwana a Frostburg, garin yana can sama da hanyar sai ka tura keke ka hau wata hanya mai lanƙwasa kamar maciji.

Washegari ita ce ranar. Da sassafe hazo bai gama tashi ba muka wuce ramin Borden, wajen mil na 20 muka iso layin Mason da Dixon, iyakar Meriland da Pensilbaniya, an ja shi a ƙasa ya ratsa hanyar an jera duwatsu masu haruffa. Turawan Ingila biyu ne, Charles Mason da Jeremiah Dixon, suka auna shi tsakanin 1763 da 1767 don raba rigimar iyaka, da taurari da sarƙar awo suka yi aikin cikin wannan dajin, daga baya layin ya zama abin da ake nunawa a ce nan ne iyakar jihohin da ke bautar da baƙar fata da waɗanda suka daina. Na tsaya ƙafa ɗaya nan ɗaya can, na ce wa yaron akwai lokacin da mai irin fatarmu tsallake wannan layin shi ne maganar rayuwarsa gaba ɗaya. Ya ce an koya musu a makaranta amma bai taɓa tsayawa a kai ba. Muka ɗan yi shiru a wurin.

Gaba kaɗan akwai ajiyar da ta fi ƙarfinmu. Kowace ajiya ana ba ta taurari daga 1 zuwa 5 na wuyar samu da kuma na wuyar wuri, wannan biyu da rabi ce kawai, alamar da mai ita ya bari ta ce a duba inda ruwa ke bi. Akwai wani tsohon kwalbati na dutse a ƙarƙashin hanyar, irin wanda in kana kan keke ba za ka taɓa sanin ka haye shi ba, muka gangara muka tarar da gini na sassaƙaƙƙun duwatsu an jera su baka-baka, gansakuka ya rufe su, ruwa na tsiyaya sanyi ƙalau, shekara ɗari da wani abu yana aikinsa. Minti arba'in muka yi muna haska tocila a kowane tsagi. A nan ne yaron ya miƙa hannu zai yaye wani ganye na kama wuyan hannunsa, ganye uku-uku ne a kan kara mai ɗan sheƙi, shi ne wanda suke kira aibi mai dafi, man jikinsa in ya taɓa fata sai ƙuraje da ƙaiƙayi na makonni. Shi ya san GPS ni na san ba a sa hannu inda ido bai riga ya shiga ba, sanda tukuna. Tsaunukan nan akwai macizai masu ƙararrawa a wutsiya, akwai kaska mai sa cutar Laim, duk sanda muka fito daga ciyawa sai mun kakkaɓe wando mun duba ƙwauri. Ba mu same ta ba. Na ce mu yi shiru mu wuce abinmu, ya ce a'a Kawu dole a rubuta ba a samu ba, suna da haruffansu uku DNF, don in mutum biyu uku suka rubuta haka mai ita zai san ya kamata ya zo ya duba. Ya rubuta. Ni kuma ban ji haushin minti arba'in ɗin ba ko kaɗan saboda kwalbatin.

Sai ramin Big Savage. Kafin ka shiga akwai wani buɗaɗɗen wuri da bencina, kwari ya shimfiɗu a ƙasa tsaunuka bayan tsaunuka har inda ido ya gaji. Ramin ƙafa 3,294 ne, fiye da kilomita ɗaya, akwai fitilu a sama amma duk da haka dusu-dusu ne, sanyi ya daki fuskarmu kamar an buɗe firji, ruwa na ɗiga, ƙarar tayoyinmu na dawo mana, can gaba ɗan haske kamar ƙwayar gero yana girma a hankali. Yana da manyan ƙofofi da ake rufewa duk lokacin sanyi don kar ƙanƙara ta farfasa bangon, saboda haka mai niyyar zuwa daga wajen Disamba zuwa farkon Afrilu ya bincika tukuna. A ciki waya ta rasa taurarinta gaba ɗaya ɗigon da ke nuna mu ya tsaya cak a bakin rami har muka fito ta ɗaya gefen ya yi tsalle ya same mu.

Mil ɗaya da wani abu a gaba muka kai ƙololuwa, ƙafa 2,392, wata 'yar gada ce ta mota ta haye hanyar an yi zane-zane a bangon. Ruwan saman da ya zuba ta inda muka fito Tekun Atilantika zai tafi ta mashigin Chesapeake, wanda ya zuba taku kaɗan gaba kuma sai ya bi koguna har Mississippi ya faɗa mashigin tekun Meziko. Yaron ya tsiyaya ruwan gorarsa rabi nan rabi can. Daga nan gangara ce mai laushi, kaca ta huta, fankokin lantarki na juyawa a kan tsaunuka.

Ajiyar da na fi so a wannan gangarar take, tsohon akwatin harsashi na soja kore mai roba a bakin murfi, masu wasan sun fi yarda da shi don ruwa ba ya shiga. An tura shi ƙarƙashin wani faffaɗan dutse nesa kaɗan da hanya, kusa da shi ga tulin tsofaffin katakan dogo sun ruɓe ciyawa ta fito ta cikinsu, ga wata ƙatuwar ƙusa ta yi tsatsa, ƙasar wurin baƙa ce da burbushin kwal. A bayanin ajiyar mai ita ya rubuta cewa kakansa a wannan layin ya yi aiki har aka daina bin sa a 1975. Da na buɗe murfin ya yi ƙara ƙwaras, warin ƙarfe da tsohuwar takarda ya fito. A ciki muka samu wata 'yar motar wasa ja an ɗaura mata ƙarfe mai lamba irin na wuyan soja, wannan ba ta musaya ba ce matafiyiya ce, kana sa lambar a manhaja za ka ga duk inda ta bi da abin da mai ita yake so, wannan wata yarinya ce ta sake ta tana so ta haye gadoji masu yawa a ɗauke ta hoto. Yaron ya dube ni na dube shi, don mun san abin da ke gabanmu. Wata ajiyar kuma da muka samu bayanta murfin ya tsage takardar ta jiƙe ta zama kamar dusa, muka shanya ta a rana muka sa ta a sabuwar leda muka yago shafuka daga littafinmu muka ƙara, ya tura wa mai ita saƙo. Muka tsince gwangwanaye biyu da wani ya yar a wurin muka sa a jaka.

Muka haye kadarkon Keystone mai lanƙwasa, muka haye tsohuwar gadar ƙarfe ta Bollman ta 1871 wadda daga wani wuri aka ɗauko ta aka dasa a hanyar, muka shiga Meyersdale bayan la'asar, tsohuwar tashar jirgin tana nan an gyara ta. Yaya ta bugo ta ce ta iso tana jiranmu, yaron ya karɓi wayar ya ce Mama saura mil biyu don Allah. Kadarkon Salisbury ke nan, tsawonsa ƙafa 1,908, tsayinsa wajen ƙafa 100 a kan kogin Casselman, ma'aikata sun rasa rayukansu wajen gina shi. Kana hawa bishiyoyi suka janye, iska ta taso ta ko'ina, gonaki da shanu da titin mota duk suna ƙarƙashinka, sai ga jirgin kaya na kamfanin CSX ya ratso ta ƙasa a kan dogon da ke aiki har yanzu, tarago bayan tarago ba ya ƙarewa. Ya fito da jar motar ya ɗora ta a kan ƙarfen gefen gada ya riƙe ta da yatsa biyu don kar iska ta ɗauke ta, ya ce Kawu yi sauri kafin jirgin ya wuce, na ɗauka har sau huɗu, a na ukun jirgin ya fito sosai a bayanta.

Kwana tara bayan nan ina haɗa kaya ya shigo da gudu da waya a hannu. Mai ajiyar kwalbatin ne ya amsa, ya ce ya je ya duba, ruwan sama ne ya tafi da ita, ya gode da muka faɗa, ya sa sabuwa a tsagi na sama inda ruwa ba ya kaiwa kuma littafin cikinta fari ne tas ba wanda ya sa hannu tukuna. Yaron ya ce Kawu jirginka sai ranar Talata ko? Na ce sai Talata. Ya juya ya fita yana kiran Mama.